Ranar da Aka Sayar da Mu a Hanyar Nok

Ku 'ya'yana, kun daɗe kuna ba da labarin nan, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, ni kuwa ina jinku ina yin shiru tunda dariya ake yi. Amma a Kirsimetin da ya wuce ƙaramar 'yar Rahila ta zo ta dafa mini gwiwa, ta kalle ni da idonta biyu ta ce:

"Kaka, wai da gaske ne wata Bafillatana ta taɓa sace Anti Mami?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, har naman da ke hannuna ya fita kaina. Ban san a bakin wa labarin ya karkace ba, ba kuma na neman sani. Garin nan ya ga abubuwa daga baya waɗanda suka canja wa mutane kunne, har in an ce "ta ɗauka" sai su ji "ta sace". Amma ni ina wurin, da ƙafata na taka lakar ranar, saboda haka ku zauna ku ji yadda aka yi tun ina da hankalin faɗa.

Babanku ma'aikacin reluwe ne, kun sani, kuma aikin ya taɓa jefa mu can wajen Gombe na 'yan shekaru. A can aka haifi auta. Sunan uwata muka sa mata, Lami, amma tunda ba zan iya buɗe baki in daka wa sunan uwata tsawa ba, sai muka koma ce mata Mami. A shekarar da nake ba ku labari aka dawo da mu Kafanchan, muka sake shiga kwatas, ni kuma na koma koyarwa a firamare. Iliya ya fara makaranta, Rahila tana bin sa a baya da kuka kullum safiya, Mami kuma ta fara gudu tana haɗa kalma bibbiyu. Uwata tana Nok, ba ta taɓa sa ta a ido ba. Wata ranar kasuwa sai ga wata 'yar garinmu mai kawo citta ta biyo ta gida. Bayan ta sha ruwa ta ce yanar ido ta gama rufe wa Mama idon hagu, ta kuma kama na dama. Yanzu ba ta gane fuskar mutum sai in rana ta fito sosai, a tsaya mata a tsakar gida kusa-kusa.

"Ta ce in gaya miki, ki kawo mata takwara tun tana ganin hanya."

Dogon hutun makaranta kuwa kun san lokacin da yake faɗowa, tsakiyar marka ne, lokacin da sama kan yi kwanaki ba ta ɗaga ba. Babanku ya ce a'a. Mutum ne mai tsari, Allah ya jiƙan rai, ko cokali ba ya so ya ga an ajiye a inda ba wurinsa ba.

"Maman Iliya, a bari sai Kirsimeti. Hanya ta bushe, yara sun ƙara ƙwari."

"Idon ne zai jira Kirsimeti?" na ce masa.

Ya tashi ya fita. Washegari dai na ga ya fito da farar rigarsa yana guga, na san magana ta ƙare.

Har yau in na ji ƙanshin dafaffiyar gyaɗa sai in tuna shirin irin wannan tafiya. Tun jajibere nake kitse Rahila tana ihu kamar ana yanka ta, in wanke takalman Iliya in kifa su a kan taga. Da safe a zuba atile a ruwan ɗumi ya yi laushi, a cika gora da kunu, a ɗaure burodi da sabulu da gishirin Kaka a cikin tsohon zani. Ku kuwa ba ku iya cin abincin safe saboda ɗoki. Babanku yana gaba da lema a hammata, yana ta mita tun daga gida har tasha, wai jirgi yana da lokaci, mota kuwa ba ta da shi, kuma duk abin da ba shi da lokaci ba shi da mutunci. Ni dai na san sau nawa jirgin nasa ya kwanar da mu a tasha. Bas ɗin Kwoi muka samu, wata tsohuwa mai ƙofa ɗaure da igiya. Da muka leƙa sai muka ga saura kaɗan ta cika, muka yi murna. Ashe rabin mutanen ciki 'yan kamasho ne, duk fasinja ɗaya ya shigo sai ɗayansu ya zame ya fita. Rana ta yi tsaka kafin mu tashi, kun cinye gyaɗar kaf, hadari kuma ya haɗu ta gabas.

To a nan ne nake so ku buɗe kunne, ku masu ɗaure yara da bel a bayan mota. A lokacinmu ba a saya wa yaro kujera. Uwa ta shigo da 'ya'yanta, sai hannuwa su miƙo daga ko'ina, a rarraba su a cinyoyi. Ba ka tambayar sunan wanda ya karɓa, balle inda yake sujada. Na taɓa ganin ɗan fasto ya yi wa wani alhaji fitsari a babbar riga, alhajin ya ɗaga shi sama yana dariya yana cewa ya samu tsaraba. Cinya a mota ta kowa ce, haka muka taso muka gani. Ranar Iliya ya hau cinyar babansa, Rahila kuma dole ta zauna a tawa a bakin taga, don ita mota ba ta tafiya kaɗan sai ta fara amai. Mami ta rage a tsaye tsakanin ƙafafuna tana ƙunƙuni. Sai wata mata a kujerar gabanmu ta juyo. Bafillatana ce, doguwa, ba yarinya ba kuma ba tsohuwa ba, da zane a gefen bakinta, ta sayo gishiri da kanwa za ta koma ruga. Hannu kawai ta miƙo, na ɗaga Mami na ba ta. Yarinyar ta kama 'yan kunnenta tana wasa da su, kafin mu bar gari ta yi barci.

Kusa da ni wata 'yar zumuntar matan coci ce daga Fadan Kaje, mai son magana, ni ma kun san ba baya ba ce. Kafin mu yi nisa na zazzage mata komai: Nok za mu, uwata ce yanar ido ta kama, ga takwararta Lami can ba ta taɓa gani ba. Babanku yana ta zungurina da gwiwar hannu wai in rage murya. Da na ji maganarsa na rage, da ban san inda labarin nan zai ƙare ba.

Ruwa ya kece mana a hanya, irin wanda direba ke fito da hannu yana share gilashi da tsumma. Mutane suna ta sauka a ƙauyuka har muka rage kaɗan. Da muka iso mararrabar da hanya ke rabuwa, ɗaya ta miƙe Kwoi ɗaya ta gangara wajen Nok, sai direba ya tsaya ya kashe mota. Ya fita cikin ruwa, ya yi ƙus-ƙus da wasu direbobi biyu, mai tasi da mai akori-kura, ya dawo ya buga jikin bas.

"Oya, kowa ya sauka! Na sayar da ku. Masu Kwoi ku shiga tasi, masu Nok ga akori-kura."

Wannan ba sabon abu ba ne. In fasinja suka ragu, direba ba zai ƙona mai a banza ba, sai ya miƙa su ga wata mota ya juya. Sayarwa ake ce masa, ba mai jin komai a ransa. Amma babanku ya ji. Ya buɗe lema ya tsaya a gaban direba da farar rigarsa.

"Ka sayar da wa? Mu buhun citta ne? A reluwe in ka ɗauki mutum sai ka kai shi inda ka ce!"

"Oga, nan ba reluwe ba ne. Ka shiga ko ka tsaya, ni na gama nawa."

Ana cikin wannan, ina jan ƙunshin kaya da hannu ɗaya ina riƙe da Rahila da ɗaya, na waiga ban ga Iliya ba. Iliya, kai kanka ka san dalili, ko da yake yanzu da furfurarka kana musu. A makon nan aka koya muku a makarantar Lahadi labarin yaron da 'yan'uwansa suka sayar wa fatake. Da ka ji direba ya ce ya sayar da mu, ka kuma ga babanka yana faɗa, sai ka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Muka bazama nema cikin ruwa, ni ina kira babanku yana kira. A ƙarshe a bayan rumfar wata mai gasa masara muka same ka, ka cusa kai cikin buhunan ɓawo kana rawar sanyi, kana cewa kai ba za ka je Masar ba. Na yi dariya har da hawaye. Muka dawo bakin hanya ina dariyar, sai na ga wurin wayam. Bas ta juya, tasi ta tafi, akori-kura ta tafi. Kayanmu ne kawai a ƙasa ruwa na dukansu.

"Ina Mami?" in ji babanku.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kafin nan ko bayansa. Na zauna daɓas a kan ƙunshin burodi. Mai masara ta fito tana goge hannu.

"Madam, kar ka yi kuka. Na gan shi, Fulanin ya shiga motan Kwoi da yarinyan."

Daga baya muka gane wata Bafillatana ce dabam ta gani, mai goyon nata ɗan. Amma a lokacin maganarta ce kawai a hannunmu. Wata motar itace ta zo wucewa, babanku ya tare ta da lema, ya ɗare baya. Yana tafiya yana ɗaga murya cewa in tsaya nan kada in motsa ko'ina.

Na tsaya. Mai masara ta ja mu cikin rumfa, ta zaunar da ku kusa da garwashi, ta ɓare muku masara ba ta karɓi komai ba. Can sai ruwa ya ɗauke, gajimare ya yage, rana ta fito fes, irin ranar bayan ruwa mai sa ganye ƙyalli. Na kalle ta na ji haushi ya kama ni. Ga ranar da uwata ke bukata ta fito, ni kuwa ina zaune a mararraba hannu wofi. Na yi addu'a, na yi kuka, na zagi direba, na zagi reluwe da ba ta san hawa ba balle sauka. Ko sau ɗaya dai ban kawo a raina cewa matar nan za ta cuci yarinyar ba, wannan ku rubuta ku ajiye. Tsorona shi ne ba ta san mu ba, mu ma ba mu san ta ba, ko sunanta ban tambaya ba. A ina za mu haɗu a faɗin ƙasar nan?

Da na ga inuwa ta fara tsawo babu babanku babu labarinsa, babu kuma wata mota mai gangarawa, sai na karya umarninsa. A Nok ina da 'yan'uwa maza masu kekuna, sun san kowace ruga a yankin, zama a rumfa ba zai nemo mini 'ya ba. Na bar wa mai masara saƙo da rabin kayan, na goya Rahila, na kama hannun Iliya, muka bi hanyar ƙafa ta cikin gonakin citta da acca. Laka ta cinye takalmin Iliya ɗaya, muka bar mata. Abin da ya fi nauyi a hanyar nan ba Rahila ba ce, tunanin abin da zan gaya wa uwata ne. Tsohuwa ta aiko a kawo mata takwara, ni kuma zan shiga in ce na miƙa ta ga wata a mota, ban san sunanta ba. Ina tafe ina shirya maganar da yarenmu, ina rushewa, rana kuma tana ta sauka a gabana har ta shige bayan duwatsu.

Gari ya yi duhu-duhu muka shiga gida. Tun daga bakin zaure na ji dariyar yarinya. Na saki hannun Iliya na ruga. Ga Mama zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ga Mami a cinyarta baki duk gwaten acca, ga kuma Bafillatanar nan a gefe, ta miƙe ƙafa, hannunta ɗaya riƙe da ƙafar yarinyar. Matan gida sun kewaye su. Na faɗi a gabansu na rungume su su uku gaba ɗaya, ban san wanda nake jiƙawa da hawaye ba.

Da na natsu ta ba ni labari da 'yar Hausarta. Saboda tana riƙe da yarinya mai barci, mai akori-kura ya sa ta a gaba kada ruwa ya taɓa su, ita kuma ta ɗauka muna baya ƙarƙashin tamfol. Sai da aka sauke kowa a bakin Nok ta ga babu mu. Motar ba za ta koma ba, rugarsu kuma tana can gaba da nisa. Sai ta tuna surutuna. Ta goya Mami, ta ɗora gishirinta a ka, ta shiga gari gida-gida tana tambayar tsohuwa mai ciwon ido wadda 'yarta ke Kafanchan. Da fari aka kai ta wurin wata tsohuwa dabam, wadda ta karɓi yarinyar da murna har ta fara yi mata waƙa, sai da aka tambayi sunanta aka ga ba Lami ba ce. Ta ƙwace abarta ta ƙara gaba. Da ta samu gidanmu, Mama ba ta jin Hausa sosai, ita kuma ba ta jin yarenmu ko kaɗan, amma sun fahimci juna. Matar yayana ta ce sun yi sun yi ta bar yarinyar ta kama hanya tun da haske, ta ƙi. Ta yarda Kaka ta ɗauka, amma ƙafar nan ba ta sake ta ba.

"Hannun da ya ba ni bai zo ba," ta ce mini. "Yanzu ya zo. Ga ɓingel naki, ga 'yarki."

Ta ɗaga ƙafar Mami ta sa a tafin hannuna, sannan ta miƙe ta gyara zani. Sunanta Adama, a lokacin na tambaya. Mun roƙe ta ta kwana ta ce ana jiranta, ko abinci ba ta ci ba sai ruwa da ta nema ta yi alwala a bayan rumbu. Yayana ya raka ta da fitila har ya hango wutar rugarsu. Na sake nemanta a wata shekarar aka ce sun tashi, ban ƙara ganinta ba. Babanku kuwa sai ga shi a kan keken aro, bayan ya zagaye Kwoi kaf ya dawo ya samu saƙona. Farar rigar nan ta koma ja. Ya tsaya ya kalli Mami tana barci, ya juya ya fita bayan gida, ya daɗe bai dawo ba. Bai taɓa yi mini maganar karya umarninsa ba.

Da safe marka ta dawo. Duk kwanakin da muka yi a Nok rana ba ta sake leƙowa ba, sama ta yi fari fat, yayyafi ba dare ba rana. Ku dai kun ji daɗinku, kuna bin awaki kuna cin gasasshiyar masara, kuna koyon gaisuwa da yare ana yi muku dariya. Ni kuwa kullum ina leƙen sama. In na ga ta ɗan yi haske sai in ja Mama tsakar gida in tsaya a gabanta, ta ƙura mini ido, ta girgiza kai ta ce inuwa kawai take gani. Kafin Kirsimetin shekarar idon dama ma ya rufe, bai sake buɗewa ba har ta koma ga Ubangiji.

Ranar da za mu tafi, ina ɗaure kaya a ɗakinta, na kasa daurewa na tambaye ta ko ta samu ganin yarinyar kuwa, ko dai ta ji ta ne kawai a hannu.

"Na gan ta," ta ce. "Da ranar nan ta fito, baƙuwar ta kama hannuna ta kai ni tsakar gida, ta ɗago mini ita daidai fuskata, ta juya ta ta nan ta juya ta ta can. Kunnuwan babanki ne da ita. Tana da wushirya. Baƙuwar ma na gan ta, kyakkyawa ce."

Na yi murna, Allah ya sani. Amma wani abu ya dame ni. Shekaru ban zo gida ba, kuma ranar ƙarshe da idon uwata ya yi aiki, ni ina zaune a rumfar masara. Na bar ɗaurin kayan na zauna kusa da ita.

"Ni ce dai ba ki gani ba, Mama."

Ta laluba ta kamo fuskata da hannu biyu. Tafinta yana ƙanshin citta. Ta bi goshina da yatsa, ta bi kumatuna, ta share abin da ta tarar a wurin.

"Kin rame," ta ce. "Ke kam ba sai rana ta fito ba. Ita ce ban sani ba."